Ifran: Abin da dusar ƙanƙara ta koya mini game da zaɓen gida

A makon jiya wani ƙanena a wurin aiki ya same ni a ofis da takarda a hannu, fuskarsa cike da fara'a. Ya samu gurbin hutun bincike na shekara guda a garin Ifran na ƙasar Maroko, inda ni ma na taɓa yin irin wannan zama tare da iyalina. Tambaya ɗaya ya zo da ita: “Malam, a ina zan kama gida?” Na ce masa ya ja kujera, domin wannan ba amsar da ake bayarwa a tsaye ba ce. Bayan ya tafi sai na ga ya dace in rubuta abin da na faɗa masa, ganin yadda malamai da ɗalibanmu ke ƙara yawa a garuruwan da ke kan duwatsu masu dusar ƙanƙara, kuma kuskuren da na tafka yana nan yana jiran duk baƙon da ya fito daga ƙasar zafi.

Mutane da dama ba sa yarda idan aka ce musu a nahiyar Afirka akwai inda ake wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Ifran yana kan tsaunukan Atlas na Tsakiya, kimanin kilomita 65 kudu da birnin Fas, wanda 'yan Tijjaniyya suka sani sarai saboda ziyarar Shehu Ahmadu Tijjani. Tsayin garin daga doron teku ya kai mita 1,665, wato ya ɗara Jos da fiye da mita 400. A nan ne aka auna sanyi mafi tsanani da aka taɓa rubutawa a Afirka, ranar 11 ga Fabrairu, 1935, lokacin da ma'auni ya sauka zuwa digiri 23.9 ƙasa da sifili. Filin wasan zamiya na Mishlifan bai kai kilomita 20 daga gari ba. Yana cikin ramin wani tsohon dutse mai aman wuta, kewaye da dajin dogayen itatuwan da Larabawa ke kira arzu, inda birai ke zama a bakin hanya suna jiran matafiya su jefa musu gyaɗa.

Faransawa ne suka gina garin a shekarar 1929 domin su riƙa gudun zafin Fas da Miknas. Sun yi masa gidaje masu rufin jan tayil mai tsini, da lambuna, da tituna masu lanƙwasa, har ake yi masa laƙabi da ƙaramar Suwizalan. A 1995 aka buɗe Jami'ar Al'akhawaini, wadda sunanta ke nuni da Sarki Hassan na Biyu na Maroko da Sarki Fahad na Saudiyya, kuma da Turancin Ingilishi ake koyarwa a cikinta. Ita ce ta kai ni garin. Akwai masaukin ma'aikata, amma da yake bincikena ya shafi tsarin garin kansa, sai na zaɓi in nemi gida cikin jama'a.

Mun isa a ƙarshen watan Agusta, ni da uwargida da yara biyu, kuma daga nan matsalar ta samo tushe. Ifran a watan Agusta gari ne da ke ruɗar ido. Iska mai daɗi kamar ta Jos bayan ruwa, furanni ko'ina, mutanen Fas da Miknas da Kasabalanka sun cika tituna, ana layin ɗaukar hoto a gindin gunkin zakin dutse da ke tsakiyar gari. Kowane gida da haske, kowane lungu da hayaniyar yara. Duk wanda ya ga garin a wannan wata zai ɗauka haka yake duk shekara.

Wurare uku muka auna. Na farko shi ne Fas, kuma can zuciyata ta fi karkata. Ga masallacin Ƙarawiyyin da ɗakunan littattafai, ga jirgin ƙasa da filin jirgin sama, ga manyan asibitoci. Amma zuwa da dawowa kilomita 130 ne a kullum, a kan hanyar da ke hawan fiye da mita 1,200. Ba mu daɗe muna tattauna wannan ba muka ajiye shi.

Na biyu shi ne Azru, kimanin kilomita 17 daga Ifran. Sunan yana nufin dutse a harshen Tamazight, kuma akwai ƙaton dutsen a tsakiyar garin. Azru gari ne na masu gari. A ƙidayar 2014 mutanensa sun haura 50,000, alhali na Ifran ba su kai 15,000 ba. Ranar Talata ake cin kasuwarsa, makiyaya su sauko da tumaki, mata su shimfiɗa dardumar ulu ta saƙar hannu, ga tuffa da albasa tuli-tuli. Uwargida tana shiga kasuwar ta ce ta ji kamar ta dawo gida. Kuɗin hayar da aka faɗa mana a can bai wuce rabin na Ifran ba. Akwai kuma wani lissafi da nake koya wa ɗalibaina a darasin labarin ƙasa: duk hawan mita 1,000 zafin iska kan ragu da kimanin digiri 6.5. Azru yana ƙasa da Ifran da wajen mita 400, saboda haka ya fi shi ɗumi da kusan digiri biyu da rabi. Mai karatu zai ga kamar wannan ba wani abu ba ne, amma sau da yawa shi ne bambancin da ke sa a yi ruwan sama a Azru a daren da dusar ƙanƙara ta rufe Ifran.

Abin da ya hana mu Azru shi ne makarantar yara. Wadda ke koyarwa da Turanci tana Ifran. A watan Disamba rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8 na safe, hanyar kuma hawa ce cikin daji. Idan ƙanƙara ta zuba jami'an tsaro kan rufe shinge har sai motar sharar hanya ta wuce, sannan a saki motoci a jere a bayanta. Na hango kaina da yara biyu a kan wannan hanya safe da yamma, na ce a'a. Har yau ina ganin wannan hukuncin daidai ne ga mai ƙananan yara, kodayake ga gwauro ko ɗalibi mai ƙaramin aljihu Azru ya fi.

Saura Ifran ke nan, sai dai ban san cewa Ifran biyu ne a cikin ɗaya ba. Dillali ya kai mu wani gida a gefen tudu, a bakin daji, ta wajen hanyar da ke fita zuwa filin wasan. Gida ne irin wanda ake gani a kalanda: baranda ta katako, murhun bango a falo, itatuwa har bakin taga. Kuɗin da aka yanka ya yi ƙasa da abin da na zata, bisa sharaɗin mu tashi kafin ƙarshen Yuni, saboda a Yuli da Agusta mai gidan yana bayar da shi haya ta kwana-kwana, wadda ta fi kawo masa riba. Na ga na yi tsintuwa.

Uwargida ta zagaya gidan, ta leƙa waje, ta ce, “Malam, ina masallaci? Ina mai burodi?” Na ce ai za mu sayi mota, minti biyar ne zuwa kasuwa. Muna fitowa sai ga wani dattijo mai gadin gidan da ke kusa, sanye da jallabiyar ulu mai hula. Muka gaisa, ni da Larabcin littafi, shi da Larabcin Maroko, muna haɗuwa a tsakiya. Ya kalli gidan, ya kalle ni, ya ce, “Ustazu, ka tambaya ta ina rana ke shiga gidan nan a watan Janairu?” Na yi murmushi irin na mai digiri uku, na gode masa, na sa hannu a takarda. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a ranar ban tuna da wannan karin maganar ba.

Satumba na kamawa garin ya fara watsewa. Masu hutu suka koma biranensu, aka rufe tagogi da katako. A layinmu mai gidaje goma sha biyu, wurare biyu kacal ke fitar da hayaƙi: gidanmu da ɗakin wancan dattijo. Masu gidajen attajirai ne da manyan ma'aikata na Rabat da Kasabalanka, waɗanda ba sa zuwa sai da zafi ko ƙarshen makon da aka yi ƙanƙara. Yaran suka rasa abokan wasa, uwargida ta rasa wadda za ta yi wa sallama.

A ƙarshen Nuwamba na gane tambayar dattijon. Mu a ƙasar Hausa rana kusan a tsakar ka take duk shekara, saboda haka gininmu na gudun rana ne: zaure, rumfa, ƙaramar taga, bishiyar darbejiya a ƙofar gida. Ifran kuwa yana kan digiri 33 arewa da layin da ya raba duniya biyu. A tsakiyar Disamba, ko da azahar, rana ba ta tashi sama da kimanin digiri 33 daga gindin sama, kuma ta kudu take bi. Gidanmu arewa yake kallo, tudu da dogayen itatuwa suna bayansa ta kudu. Daga ƙarshen Nuwamba har Fabrairu hasken rana bai taɓa bangonsa ba. Bango ya fara gumi, funfuna baƙa ta fito a bayan kabad, tufafi ba sa bushewa. Murhun bangon da ya burge ni ashe ado ne: yana cin itace kamar gidan burodi, zafin kuma ya bi bututun hayaƙi ya fice. Na sayo na'urar ɗumama ɗaki mai aiki da tukunyar gas. Kuɗin da na yi niyyar tarawa domin rufin ginin da na bari a gida sai ga shi yana tafiya a itace da gas. Araha ba ta ado.

Wani dare a watan Janairu dusar ƙanƙara ta fara sauka tun bayan la'asar. Yara suka yi ta murna a taga, domin karon farko ke nan da suka ga mai yawa haka. Wajen ƙarfe 2 na dare uwargida ta tashe ni. 'Yarmu ta fari, mai shekara tara, tana da ciwon asma tun tana ƙarama, amma ya daɗe bai tashi ba. Na same ta zaune, ƙirjinta yana fito, maganin shaƙa bai yi mata komai ba. Na fita zuwa mota, ƙanƙara ta kai gwiwa. Na tayar da ita, tayoyin suka yi ta juyawa a wuri ɗaya. Motar sharar hanya ba ta hawa irin layinmu sai ta gama da manyan tituna, kuma wa zai ga laifinta, tunda babu kowa a layin? Na kira wani direban tasi da na sani, ya ce yana da sarƙa a tayoyinsa, zai iya zuwa babban titi amma ba zai iya hawo tudun ba. Tsakaninmu da babban titin tafiya ce da ba ta kai minti goma ba a watan Agusta.

Na buga ƙofar dattijo. Bai tambaye ni komai ba. Ya ɗauko fitila da sanda, ya naɗe yarinyar cikin bargon ulu, ya ce, “Ustazu, takalminka ba na wannan hanya ba ne. Ba ni ita, kai ka riƙe fitila, ka taka inda na taka.” Haka wannan bawan Allah mai shekaru fiye da sittin ya goya 'yata muka gangara cikin duhu, ni ina zamewa ina tashi a bayansa. A asibiti aka sa mata iska, numfashinta ya daidaita kafin asuba. Likitan ya tambaye ni irin gidan da muke ciki da abin da muke ɗumama shi da shi. Da na faɗa masa sai ya girgiza kai. Ya ce danshi da funfuna da hayaƙin gas a rufaffen ɗaki, kowanne kaɗai ya isa ya tayar da asma. Ya kuma ja mini kunne game da iskar guba marar wari da gas ko gawayi ke fitarwa a ɗakin da ba ya shan iska, irin wadda kan hallaka mutane a garuruwanmu lokacin hunturu idan an kwana da kaskon wuta. Da muka koma gida muka tarar ruwa ya daskare a bututu. Ruwa idan ya zama ƙanƙara yakan kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, don haka da ya narke sai bututun bayan kicin ya fashe.

A wannan makon na koma wurin dattijon, na zauna a kan tabarmarsa, na ce, “Baba, wannan karon kai za ka zaɓa.” Ya kai mu unguwar ma'aikata da ke kusa da kasuwa, wadda ko kallonta ban yi ba a watan Agusta. Gida ne a bene na biyu, ɗakuna uku ƙanana, babu baranda, babu daji. Tagoginsa kudu suke kallo, rana tana shiga falo daga hantsi har la'asar. Akwai iyali a ƙasanmu, akwai a samanmu, akwai a gefe, saboda haka bango biyu ne kawai ke fuskantar sanyi. A tsakiyar falo akwai murhun ƙarfe rufaffe mai bututu, wanda ke riƙe wuta har safe da itace kaɗan. Na yi asarar kuɗin ajiya na wancan gida, amma abin da muke kashewa a wata ya ragu nan take.

Abin da ya fi ɗumin murhu shi ne mutane. Titin unguwar yana cikin waɗanda ake fara sharewa, saboda shi ke kaiwa kasuwa da tashar mota. Mai burodi yana buɗewa kafin gari ya waye komai sanyi. Gidan wanka na jama'a, wanda suke kira hammam, yana nan kusa, kuma a irin wannan yanayi ba ƙaramar ni'ima ba ce. Masallaci tafiyar minti uku ne, ana karatu da ruwayar Warshu irin ta makarantar allo, ana karanta izu guda a tare bayan magariba da bayan asuba. Ranar Juma'ar farko matar maƙwabcinmu na ƙasa ta aiko da akushin kuskus da kayan lambu a kai, uwargida ta rama da dambun nama. Yaran suka fara kama Larabcin unguwa a bakin ƙofa. Larabawa suna da karin maganar da ke cewa a nemi maƙwabci kafin gida, mu ma mun san maƙwabci na kusa ya fi ɗan'uwa na nesa. Ciwon yarinyar bai sake tashi ba har muka baro ƙasar.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, tarihin garin ya riga ya faɗa mini duk wannan. Lokacin da Faransawa suka gina Ifran domin kansu suka gina shi. 'Yan ƙasar da ke yi musu aikin gida da lambu sun zauna ne a wata unguwa daban mai suna Timdikin, wadda kwazazzabo ya raba ta da unguwar Turawa, sai bayan samun 'yancin kai a 1956 aka gyara ta. Duk wanda ya san yadda aka ware unguwar Nasarawa a Kano daga birni da Sabon Gari ya san wannan tsari. Unguwar masu mulki an tsara ta ne domin mai mota da masu hidima, wanda ke zuwa ya huta ya koma. Shekara da shekaru ina koyar da wannan a aji, amma da na sauka a baƙon gari ƙafata ta kai ni unguwar Turawa kai-tsaye, saboda a can ne muka saba ganin alamar ci gaba.

Filin wasan da na so in zauna kusa da shi fa? Sau huɗu muka je a duk shekarar. Ƙanƙarar Mishlifan ba ta da tabbas, wani makon ta cika, wani makon sai duwatsu da ciyawa, ga shi Maroko ta sha fama da fari a 'yan shekarun nan, har tafkin Dayat Awa da ke kusa da garin ya ƙafe. Masu wasan da gaske sukan tafi Ukaimidin da ke kusa da Marrakish, wanda ya fi tsayi. A Mishlifan mafi yawan jama'a iyalai ne da ke hayar katakon zamiya na yara, su sha shayi mai na'ana'a, su ɗauki hoto. Ranakun Asabar da Lahadi motoci daga Fas da Miknas sukan toshe hanyar. Mazauna gari kuwa ranar aiki suke zuwa, daga kowace unguwa, cikin rabin awa. Babu hikima mutum ya biya kuɗin shekara domin nishaɗin kwana huɗu.

Shawarar da na ba ƙanen nawa ita ce ya auna gari da watansa mafi muni. In ba zai iya ganin gidan da sanyi ba, ya tambayi mai gadi da direban tasi da mai shago, domin su ne ke kwana a garin idan baƙi sun tafi, dillali kuwa kasuwarsa yake ci. Ya buɗe manhajar nuna alƙibla da ke wayarsa ya duba inda tagogi ke kallo. Ya tambaya mutum nawa ne ke kwana a layin a daren Talata na watan Fabrairu. Ya haɗa kuɗin itace da gas da lantarki a kan kuɗin haya kafin ya ce gida ya yi araha, ya kuma karanta watan da yarjejeniya ta ce ya tashi. Nisa zuwa makaranta da asibiti kada ya auna shi da kilomita, ya auna shi da tafiyar ƙafa cikin ƙanƙara da yaro a baya. Wannan lissafi bai taƙaita ga Ifran ba, duk wanda aka tura Giranobul a Faransa ko Insburuk a Ostiriya zai tarar da irin tambayoyin suna jiransa.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya fito da wayarsa ya nuna mini hoton wani gida da dillali ya turo masa. Baranda ta katako, furanni, itatuwa har bakin taga. Ya ce maiɗakinsa ta riga ta nuna wa 'yan'uwanta. Na ce masa babu laifi, amma ya rubuta wa dillalin ya turo hoton gidan da aka ɗauka a watan Janairu da tsakar rana, ya kuma nemi lambar mai gadin layin. Na roƙe shi idan ya isa ya tambaya mini wani dattijo mai jallabiyar ulu a can gefen tudu, ya kai masa turmin shadda da na ajiye masa, ya ce yarinyar da ya goya tana gaishe shi.